Fadar Versailles: ginin da ya ɗaure manya, ya toshe kunnen sarki

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri a zauna.

Tun ranar Lahadi 19 ga Oktoba 2025, da ɓarayi suka jingina motar ɗaga kaya a jikin gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, suka shiga ta taga da safe, suka yanka akwatunan gilashi, suka yi awon gaba da kayan ado guda 8 na matan sarakunan Faransa cikin 'yan mintoci, nake ta bin sharhin mutane a nan Facebook. An ƙiyasta kuɗin kayan a kan Yuro miliyan 88. Kambin Eugénie, matar Napoleon na 3, garin gudu ya suɓuce musu, aka tsince shi a waje ya lotse.

Masu sharhi sun rabu biyu. Wasu dariya kawai suke yi, wai ɓarawo ne ya yi wa ɓarawo sata. Wasu kuma cewa suke yi: "Ai ko ba komai sarakunan can sun bar abin da za a sata. Sun gina fadoji, sun tara kayan tarihi, yau jikokinsu na cin kuɗin 'yan yawon buɗe ido." Wannan magana ta biyu ita ta sa na ɗauki waya nake rubutu, domin ita ce maganar da ake wanke kowane shugaba mai son gini da ita, a ko'ina yake a duniya. Da ka ce an zalunci mutane, sai a nuna maka bene.

Ni ra'ayina shi ne: ƙawar da sarakunan Faransa suka bari makamin mulki ce. An ƙera ta da gangan don a ɗaure manyan ƙasa a wuri guda, kuma ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Sai dai makamin nan shi ne ya juyo ya toshe kunnen gidan sarautar, har ranar da gaskiya ta zo musu ba sallama. Bari mu bi labarin daki-daki.

Zauren da aka yi satar nan a cikinsa sunansa zauren Apollo, kuma don Sarki Louis na 14 aka ƙawata shi, wanda Faransawa ke kira Luwi. An haife shi a 1638, ya gaji mahaifinsa a 1643 yana ɗan shekara 4, ya yi shekara 72 a kan gado. Amma yarintarsa ba ta yi daɗi ba. Daga 1648 zuwa 1653 alƙalan Faris da manyan masu sarauta, har da 'yan uwansa na jini, suka yi wa gwamnatin mahaifiyarsa da wazirinta Mazarin tawaye. A watan Janairun 1649 cikin dare aka sulale da shi daga Faris zuwa Saint-Germain, yana ɗan shekara 10. Yaron da ya ga haka da idonsa ya tashi da abu biyu a ransa: bai yarda da birnin Faris ba, bai kuma yarda da hakimin da ke zaune nesa da shi da dakarunsa ba.

Da Mazarin ya rasu a watan Maris na 1661, Luwi ya ce ba zai sake naɗa waziri ba, shi da kansa zai riƙe komai. A watan Agustan shekarar, ma'ajin ƙasa Nicolas Fouquet ya gayyace shi biki a sabon gidansa na Vaux-le-Vicomte. Gida ne na gani na faɗa, ga lambu, ga ruwa na feshi, ga wasan kwaikwayo na Molière, ga wasan wuta. Ba a cika sati uku ba aka kama Fouquet a Nantes. Alƙalai suka yanke masa hukuncin kora daga ƙasa, sarki ya ce bai isa ba, ya mayar da shi ɗaurin rai da rai. A kurkuku ya mutu a 1680. To ku lura da abin da ya biyo baya: maginin gidan, Le Vau, da mai zanensa, Le Brun, da mai tsara lambunsa, Le Nôtre, duka ukun sarki ya kwashe ya kai Versailles, wani ɗan gidan farauta na mahaifinsa mai nisan kamar kilomita 20 daga Faris. Saƙon ya isa ga kowa: daga yau ƙawa ta sarki ce shi kaɗai.

A ranar 6 ga Mayu 1682 fada da gwamnati suka tare a Versailles baki ɗaya. Nan ne dabarar take. Duk mai sarautar da ke son muƙami a soja, ko kujerar bishop ga ƙaninsa, ko alawus, ko miji mai kyau ga 'yarsa, dole ya baro ƙasarsa ya zo ya zauna a fada inda sarki zai riƙa ganin fuskarsa. Saint-Simon, wanda ya rayu a fadar ya kuma rubuta abin da ya gani, ya ba da labarin cewa idan aka roƙa wa wani alfarma, sarki ya amsa da cewa ai ba ya ganin mutumin, to magana ta ƙare ke nan.

Sai aka mai da rayuwar sarki ta yau da kullum ta zama biki. Tashinsa daga barci biki ne, an tsara waɗanda za su fara shiga ɗakin da waɗanda za su biyo baya. Miƙa masa riga girmamawa ce da ake ba mafi girman daraja a cikin waɗanda ke wurin. Da dare, wanda sarki ya zaɓa ya riƙe masa kyandir, washegari shi ne abin hira. Matan manyan masu sarauta kan yi shekaru suna gaba da juna a kan wacce ta isa ta zauna a kan 'yar kujera marar jingina a gaban sarauniya, wacce kuma za ta tsaya. Ku duba fa, jikokin mutanen da suka ja runduna suka yaƙi sarakuna ne aka mayar masu rigima a kan kyandir. Ga tsadar zaman fada: tufafi, dawakai, bayi, caca. Mutum ya ci bashi ya yi ado don sarki ya gan shi, sannan ya koma yana jiran kyautar sarki don ya biya bashin. Wanda ka ciyar, ka tufatar, ka kuma riƙe masa bashi, da wane bakin zai ce maka ka yi kuskure?

Haka aka yi wa masu fasaha. Luwi da kansa ɗan rawa ne. A 1653, yana ɗan shekara 14, ya fito a wani wasan rawa cikin shigar rana, kuma daga baya rana ta zama tambarinsa, har ake masa kirari da Sarki Rana. Ministansa Colbert ya sa aka tsara jerin marubuta da masana da za a riƙa biya duk shekara daga baitulmali, har da na ƙasashen waje. A 1677 aka naɗa Racine da Boileau, manyan marubutan zamanin, su zama masu rubuta tarihin sarki. Zauren Madubai, wanda aka gina tsakanin 1678 da 1684, tsawonsa mita 73, da madubai 357, rufinsa cike yake da zanen nasarorin sarki a yaƙi. A lokacin madubi kayan Venice ne mai tsadar gaske, sai Colbert ya yaudaro ma'aikata daga can, ya kafa masana'anta a 1665, wadda ita ce asalin kamfanin Saint-Gobain na yau. A wannan zaure shugaban Genoa ya zo a 1685 ya ba da haƙuri, bayan jiragen Faransa sun yi wa birninsa ruwan wuta. A nan jakadun Siam suka yi gaisuwa a 1686. An gina zauren ne don baƙo ya taka shi gwiwarsa ta yi sanyi kafin ya isa gaban sarki.

Kada wani ya ce na ƙi faɗin alheri. An yi abin kirki, kuma ya daɗe. Cibiyar kimiyya ta 1666 ta jawo masana irin su Huygens da Cassini. Gidan wasan kwaikwayo na Comédie-Française da aka kafa a 1680 har gobe yana aiki. Mashigin ruwa na Canal du Midi, da aka gama a 1681, aikin injiniya ne na a yaba. Sarakunan Turai daga Vienna har Rasha suka shiga kwaikwayon Versailles, Faransanci ya zama harshen jakadu, har Sarkin Prussia Frederick na 2 da Faransanci yake rubuta littattafansa. Wannan duk gaskiya ne. Tambayata ɗaya ce: wa ya biya?

Faransa a lokacin tana da mutum kamar miliyan 20, mafi yawansu manoma. An kasa al'umma gida uku: malaman coci, masu sarauta, sai sauran jama'a. Babban harajin ƙasa, wanda suke kira taille, a kan gida na uku yake. Coci, mai kusan kashi 10 cikin 100 na filayen ƙasar, ba a ɗora mata haraji, ita ce ke zama ta yanke abin da ta ga dama ta ba sarki da sunan kyauta, bayan ta karɓi nata kason daga amfanin gonar manomi. Mai sarautar yankin shi ma yana da nasa kason, kuma a wurare da yawa dole a injinsa za ka yi niƙa, a tandunsa za ka gasa burodi, ka biya. Ga harajin gishiri: a wasu larduna doka ce kowane gida ya sayi wani adadi duk shekara a farashin gwamnati, alhali a lardin Bretagne babu harajin sam. Talakan da aka kama ya tsallako da gishiri, sai ya tsinci kansa ɗaure da sarƙa yana tuƙa jirgin ruwan sarki. Kuma harajin kaya ba ma'aikatan gwamnati ke karɓa ba, 'yan kwangila ne, su ba sarki kuɗi a dunƙule, su je su tatso abin da ya fi haka.

Ginin kansa ya ci mutane. A 1685 ma'aikata kamar 36,000 ne ke aiki a Versailles da kewayenta. Wurin ba shi da isasshen ruwa, ga maɓuɓɓugai masu feshi birjik, sai aka gina wani ƙaton inji mai ƙafafu 14 a Marly don a jawo ruwan kogin Seine. Bai wadatar ba, aka tura sojoji su karkato da kogin Eure. Zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, yaƙi ya taso, aka watsar da aikin. Kangon gadar ruwan yana nan a Maintenon har yau.

Shekarar 1685 ɗin nan ku riƙe ta. A cikinta sarki ya soke dokar Nantes da kakansa Henri na 4 ya kafa a 1598, wadda ta ba Kiristoci 'yan Furotesta damar yin addininsu. Mutum kusan 200,000 suka tsere zuwa Ingila da Holan da Prussia da Suwizalan, cikinsu da masaƙa da maƙera da 'yan kasuwa da sojoji, suka kai wa abokan gabar Faransa sana'arsu. A cikinta kuma aka fitar da dokar da ake kira Code Noir, wadda ta tsara yadda za a riƙe bayi 'yan Afirka a tsibiran rake na Faransa, ta lissafa su cikin kayan da ake gado, ta tanadi yanke kunne da tambarin wuta ga wanda ya gudu. Hannun da ya sa hannu a kan alawus ɗin mawaƙa shi ya sa hannu a kan wannan. Duk ɗan Afirkan da zai yaba madubai 357, ya dace ya san haka.

Sannan yaƙi. Sama da shekara 30 na mulkinsa a yaƙi suka tafi. A 1689 kuɗi ya ƙare har aka narkar da kujeru da tebura na azurfa da ke cikin fadar aka buga kuɗi da su. A 1693 zuwa 1694 yunwa da cuta suka kashe fiye da mutum miliyan ɗaya. A 1709 aka yi wani sanyi da ya daskarar da koguna, ya kashe shuka, yunwa ta dawo.

To a duk wannan, babu wanda ya faɗa wa sarki gaskiya ne? Akwai. Vauban, babban injiniyan sojansa, wanda ya gina masa ganuwa a kan iyakoki, ya shekara 40 yana zaga ƙasar yana ganin yadda talaka ke rayuwa. A 1707 ya buga littafi yana ba da shawarar a yi haraji guda ɗaya wanda kowa zai biya daidai samunsa, babba da yaro. Aka haramta littafin, aka ba da umarnin a tattara shi, Vauban ya rasu cikin 'yan makonni. Fénelon, malamin jikan sarki, da littafinsa mai sukar sarakuna masu son yaƙi da almubazzaranci ya fita a 1699, ƙofar fada ta rufe masa har ya mutu a Cambrai. Manyan kotunan ƙasa da ke da al'adar yi wa sarki gyara kafin su rubuta doka, tun 1673 aka ce su fara rubutawa tukuna, ƙorafi ya biyo baya. Babban taron wakilan ƙasa kuwa, wanda ya haɗa gidajen nan uku, rabon da a kira shi tun 1614. Kowace taga da iska za ta shigo an toshe ta, an bar madubi. Madubi kuwa fuskarka kawai yake nuna maka.

A 1715, yana kan gadon mutuwa, Luwi ya sa aka kawo masa tattaɓa-kunnensa ɗan shekara 5 wanda zai gaje shi, ya yi masa wasiyya kada ya yi koyi da shi wajen son yaƙi, ya kuma yi ƙoƙarin sauƙaƙa wa talakawa. Ashe ya sani. Sai dai ihu ne bayan hari. Ya bar bashi mai nauyi, ya kuma bar abin da ya fi bashin muni: tsarin da ba ya tafiya sai da mutum irinsa a tsakiya. Shi yana da ƙarfin juya fadawa. Waɗanda suka gaje shi, fadawa ne suka juya su.

Ku dubi yadda gyara ya riƙa mutuwa. A 1749, zamanin Luwi na 15, aka kawo harajin kashi 5 cikin 100 a kan kowa. Malaman coci suka tayar da ƙura, cikin shekara biyu aka cire su. Luwi na 16 ya hau a 1774, ya naɗa Turgot ministan kuɗi. Turgot ya soke aikin tilas da ake sa manoma yi a kan hanyoyi, ya ce a maye gurbinsa da harajin da masu filaye za su biya. Fadawa da alƙalai suka yi masa taron dangi, a watan Mayun 1776 aka sallame shi, aikin tilas ya dawo. Necker ya zo, ya ga ƙara haraji rigima ne, sai ya ɗauki nauyin taimakon da Faransa ta ba Amurka a yaƙin neman 'yancinta da bashi a kan bashi. Calonne ya zo, ya duba littafi ya ga ramin ya yi zurfi, ya sa aka tara manyan ƙasa a Fabrairun 1787 ya roƙe su su yarda da harajin filaye da ba ya ware kowa. Suka ƙi. A Afrilu shi ma aka kore shi. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a Versailles duk wanda ya ce a gyara, a matsayin maƙiyi ake kallonsa.

Ga wani lissafi da ya kamata masu cewa "almubazzarancin Marie Antoinette ne ya rusa Faransa" su duba. A kasafin 1788, kuɗin fada gaba ɗaya kamar kashi 6 cikin 100 ne. Kusan rabin kasafin biyan bashi yake tafiya. Ko da an rufe fadar an sayar da kujeru, ramin ba zai cike ba. Maganar nan ma da ake jingina mata, wai ta ce in babu burodi su ci kek, babu wata hujja da ta nuna ta faɗe ta. Illar fadar ta wuce kuɗin da take ci. Ita ce ta tara duk masu hana gyara a ɗaki ɗaya da sarki, ta bar masu biyan haraji a waje. Luwi na 16, in ka cire zuwansa Reims don naɗi, tafiya mai nisa guda ɗaya ya yi a cikin ƙasarsa kafin juyin juya hali, zuwa Cherbourg a 1786. Mutum na mulkin miliyan 28, amma dajin farauta ya fi sani.

Ku kwatanta da Ingila. Ba don Turawan Ingila sun fi tausayi ba, su ma sun yi cinikin bayi, sun yi mulkin mallaka, mu shaida ne. Amma tun bayan 1688 sarkinsu ba ya iya sa haraji sai majalisa ta yarda, aka kuma kafa Bankin Ingila a 1694. Mutumin Ingila a ƙarni na 18 ya fi Bafaranshe biyan haraji in aka raba da yawan jama'a, amma gwamnatinsu tana samun bashi da sauƙin ruwa, saboda masu ba da bashin sun san akwai wurin da ake buɗe littafi a yi tambaya. Ke nan yawan haraji bai cika kashe gwamnati ba. Abin da ke kashe ta shi ne a ɗora wa marar ƙarfi, a ɗauke wa mai ƙarfi, a kuma hana kowa tambaya.

Sai Allah ya kawo nasa. Ranar 13 ga Yuli 1788 ƙanƙara ta faɗo ta lalata amfanin gona a yankuna masu faɗi, sanyi mai tsanani ya biyo baya, burodi ya yi tsadar da yake cinye mafi yawan abin da lebura ke samu. A watan Agusta baitulmali ya kasa biyan masu binsa. Dole ta sa aka kira taron wakilan ƙasa, ranar 5 ga Mayu 1789, bayan shekara 175. Aka ce kowane gari ya rubuto kukansa, takardu dubun-dubata suka zo. Abin tausayi, yawancinsu ba su nemi a cire sarki ba. Da ladabi suke masa magana, kamar uba ne da aka ɓoye wa halin da 'ya'yansa ke ciki. Har a lokacin ƙofa a buɗe take.

Amma bakin da aka rufe shekara 175, ranar da ya buɗe ba a iya tsara masa abin da zai faɗa. A 20 ga Yuni wakilan talakawa suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai an rubuta tsarin mulki. A 14 ga Yuli aka fasa kurkukun Bastille, fursuna 7 kacal aka samu a ciki. A daren 4 ga Agusta aka soke gatan da Turgot da Calonne suka roƙa a rage kaɗan aka ƙi. A 5 ga Oktoba matan kasuwar Faris suka taka da ƙafa cikin ruwan sama har Versailles suna neman burodi, washegari suka taso sarki da iyalinsa gaba zuwa Faris. Gidan sarauta bai sake kwana a fadar ba. A 21 ga Janairu 1793 aka fille wa Luwi na 16 kai, a 16 ga Oktoba aka bi da matarsa.

Kada a fahimce ni a karkace, ba na tafa wa na'urar fille kai. Mutum kusan 17,000 aka yanke wa hukuncin kisa a hukumance a zamanin ta'addancin da ya biyo baya, kuma mafi yawansu talakawa ne, ba masu sarauta ba. Waɗanda suka kunna wutar, irin su Danton da Robespierre, ita ta cinye su. Ƙarshenta a 1804 Napoleon ya ɗora wa kansa kambi, aka koma gidan jiya da sabon suna. Sarakuna suka dawo a 1814, ɗaya daga cikinsu, Charles na 10, shi ne ya tilasta wa Haiti a 1825 ta biya faran miliyan 150 diyya ga waɗanda suka bautar da mutanenta. Aka kore shi a 1830, aka kori na bayansa a 1848, daular Napoleon na 3 ta faɗi a 1870. Kusan shekara 80 ƙasar na tangal-tangal. Wannan shi ne kuɗin gyaran da aka ƙi yi cikin ruwan sanyi.

Kuma ɗabi'ar ba ta mutu ba. Su kansu Faransawa kan kira tsarin da De Gaulle ya kafa a 1958 da sarauta cikin rigar jamhuriya, saboda ƙarfin da ya tara a hannun shugaban ƙasa. A Versailles Macron ya karɓi Putin a 2017, a Zauren Madubai ya yi wa Sarki Charles na Ingila liyafa a 2023. Nijar da Chadi ba sarakuna ne suka mamaye su ba, jamhuriya ce, amma dabarar yin mulki da harshe da ado da lambar girma, a jawo manya kusa a ba su abin da za su ji tsoron rasawa, daga tsohuwar fada aka gaje ta. Wanda ya fi kowa haddace darasin a gurguje shi ne Bokassa na Afirka ta Tsakiya, da ya naɗa kansa sarkin sarakuna a Disambar 1977, ya kwaikwayi bikin Napoleon da kambi da keken doki, a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya. Bai cika shekara biyu a kan wannan gadon ba.

Saura masu cewa "ai sun bar abin tarihi". Ku duba kwanan wata. Louvre ya zama gidan tarihin da kowa zai shiga ne a 10 ga Agusta 1793, kusan wata bakwai bayan an kashe sarki. Versailles ta zama gidan tarihi a 1837. A 1887 jamhuriya ta yi gwanjon mafi yawan kayan adon sarauta, wasu daga cikin waɗanda aka sace a Oktoban 2025 ma daga baya aka sake sayo su da kuɗi. Wato dukiyar ta zama ta jama'a ne bayan masu ita sun tafi, kuma ba da son ransu ba. Manomin da aka tatsa a 1685 bai ci ribar tikitin da ake sayarwa yau ba. An binne shi tun da daɗewa kafin motar 'yan yawon buɗe ido ta farko ta tsaya a ƙofar. In za a yaba, a yaba wa magina da masu zane da manoman da guminsu ya zama dutse.

Don haka ni dai, duk shugaban da aka nuna min gininsa, a kowace ƙasa yake, tambaya uku nake yi. Da kuɗin wa aka yi, kuma an tambaye shi? Waɗanda suka fi kowa samu, suna biyan nasu kason ko an ɗauke musu? Sannan mutum na ƙarshe da ya faɗa wa shugaban abin da ba ya son ji, yau yana ina? In yana nan a kujerarsa, akwai sauran fata. In an yi masa irin ta Vauban da Turgot, to komai kyan ginin, lissafi ne ake tarawa, kuma galibi ba wanda ya ci bashin ne ke biya ba. Luwi na 14 a kan gadonsa ya mutu yana da shekara 76. Wanda aka fille wa kai jikan tattaɓa-kunnensa ne, mutum mai sanyin hali da ya fi son gyaran kwaɗo da makulli a kan mulki.

Ban kira sunan kowa ba, kowa ya duba inda yake zaune. Wanda ke ganin gini ya isa hujja, ga fili nan a ƙasa, ya kawo dalilinsa mu tattauna cikin mutunci, ban da zagi.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya tun tana da araha, ya ba na kusa da su ƙarfin halin faɗar ta. Amin.